Taliyar Japan a Nassarawa: romon ya ci kuɗinsa, sauran kuwa sai a hankali

Mu huɗu ne muke adashi, kuma tun da muka fara doka ɗaya muka kafa wa kanmu: wadda ta kwasa ita ke kai sauran cin abinci. A watan Janairu kwasa ta faɗo kaina. Ni niyyata in kai su wurin gurasa da tsiren da muka saba a titin gidan Zoo, mu ci mu ƙoshi, mu tashi da canji. Sai Amarya (har yau haka muke kiranta, ko da yake goyonta na biyu ke nan) ta kafe a kan sai mun je gidan ramen ɗin nan, wato taliyar Japan cikin romo, na unguwar Nassarawa a nan Kano wanda hotunansa suka cika Instagram. Nas ta kalli hoton a wayarta ta ce, "Wannan ai Indomie ce da ta yi karatu a waje." Yaya, wadda ita ce babbarmu kuma malamar Islamiyya, ta ce ita dai in babu haram a ciki ko ruwan zafi ne za ta sha, tun da ba ita za ta biya ba.

Sana'ata girkin biki da suna. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye a kan tukunya, don haka in na shiga gidan abincin wani, ado ba ya ruɗa ni. Hancina nake fara sakawa gaba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ranar Juma'a muka je, bayan Magariba, hazo ya rufe gari har fitilun motoci sun koma ja-ja. Farfajiyar wurin ƙarama ce, da ƙyar za ta ɗauki mota takwas, sai a bakin titi Nas ta ajiye tata maigadi ya ce zai sa mata ido. Ciki ya cika maƙil da samari da 'yan mata, sai wasu 'yan China biyu a lungu suna cin nasu ba ruwansu da kowa. Minti ashirin da biyar muka yi a kan benci kafin tebur ya samu. Ba a ɗauki sunanmu ba, ba a ba mu lamba ba, kowa shi ke tsare layinsa da ido, har sai da na tashi na yi magana da wasu da suka zo bayanmu suka nufi teburin da ya kamata ya zama namu. Akwai ɗan wurin salla na mata a baya, da darduma biyu da buta, a share yake. Abin da ban gane ba shi ne na'urar sanyaya ɗaki da aka ƙure a tsakiyar hunturu. Sau biyu muka roƙa kafin a rage.

Abu ɗaya ya burge ni tun ina kan bencin: kicin ɗin a buɗe yake. Doguwar kanta ce kawai tsakaninki da masu girki, kina ganin manyan tukwane biyu suna tafasa, da ƙananan kwanduna na ƙarfe da ake tsoma taliya a ruwan zafi, kowane kwano da kwandonsa. Wanda ya yarda a kalli tukunyarsa, ya san abin da ya taka.

Kafin mu buɗe takardar abincin Yaya ta kira yaron da ke hidima. "Samari, zo. Wannan romon na meye? Kuma akwai giya a ciki?" Tambayar tana kan hanya, don a can Japan romon da ya fi suna, wanda suke kira tonkotsu, na ƙashin alade ne, daga yankin Fukuoka ya fito, kuma yankan naman da ake ɗorawa a sama, chashu, shi ma asalinsa alade ne. Sannan girkinsu ba ya rabuwa da wasu ruwan girki biyu da suke kira sake da mirin, dukansu kuwa daga giyar shinkafa suke. Yaron ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, ba ma sa komai wallahi." Yaya ta ce ba komai ta tambaya ba. Ya tafi ya zo da mai girkin, wani matashi Bakano, hannunsa duk gari. Shi ya yi mana bayani dalla-dalla: tukunya ɗaya kaji ce zalla, ɗayar kaza da ƙashin sa, duk yankan nan gida, a madadin mirin sukari yake sawa da ɗan ruwan tuffa, ya ma ɗauko kwalbar ruwan waken soya ya nuna wa Yaya tambarin halal a jikinta. Ta sa tabarau ta duba, ta ce to Bismillah. Wannan bayanin ya kamata a ce yana rubuce a shafin farko na takardar abincin. Kano ce fa. Bai kamata sai an taso mutum daga kan wuta ba kafin a sani, kuma yaran da ke hidima ya kamata a ce sun haddace shi.

Muka fara da gyoza da karaage. Gyoza ɗan ƙunshi ne na fulawa da niƙaƙƙen nama da kabeji a ciki, ƙasansa a soye, samansa a turare, kamar samosar da ba a gama yanke shawara a kanta ba. Daɗi akwai, amma guda biyar aka kawo wa mutum huɗu, kamar da gangan ake son haɗa mu faɗa. Karaage kuwa soyayyar cinyar kaza ce da aka jiƙa da citta da tafarnuwa da ruwan soya, bayanta ƙaras-ƙaras, cikinta da ruwa-ruwa. Babu wadda ta yi ƙorafi. Minti uku farantin ya yi.

Ni farin romon kaza na nema, wanda suka rubuta tori paitan. Da aka dire kwanon gabana na ɗauka an zuba madara ko gyaɗa, don fari ne tas, da kauri kamar kunun gyaɗa mai ruwa. Na ɗiba da cokali kafin in taɓa komai. Babu madara, babu gyaɗa, babu kuma wannan ɗanɗanon dunƙulen da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro, wanda ni kaina nake fakewa da shi in biki ya yi yawa kuma nama ya yi kaɗan. Kaza ce kawai. Cokali na uku na ji leɓena yana mannewa, irin mannewar da farfesun ƙafar sa ke yi in ya kwana a kan garwashi. Nan na gane da gaske suke.

Mu a girkinmu in ana son romo mai kyau wuta ake ragewa, a kwashe kumfa, a bar shi ya dahu a hankali ya fito garau. Wannan akasin haka ake yi masa. Ƙashin kaza da ƙafafu da fukafukai ake zubawa, a saki wuta ya yi ta tafarfasa ba sassauci, har kitsen da yauƙin guringuntsin su farfashe su gauraye da ruwan su zama abu ɗaya. Farin daga nan yake. Mai girkin ya ce mini awa takwas tukunyar ke yi, kuma babu gishiri ko ƙwaya ɗaya a cikinta. Gishirin da ɗanɗanon suna cikin wani ruwa mai ƙarfi da suke kira tare, wanda ake zuba ludayi ƙarami a ƙasan kwano, a bi shi da cokalin man kaza da aka soya da tafarnuwa, sannan a kwararo romon a kai. Shi ya sa tukunya ɗaya za ta iya fitar da kwano kala uku. Na zauna ina lissafin gas ɗin da awa takwas na wuta a sake zai ci, da yawan kajin da za su ba da wannan kaurin, sai na ji fushin farashin da na gani a takarda ya ragu da rabi.

Sai taliyar. Ina kai ta baki na ji wani ƙamshi da na sani, na rasa inda na san shi. Sai da na tauna sau biyu ya faɗo mini: kanwa. Ƙamshin ɗanwake ne in an tsamo shi daga tukunya. Na tambayi mai girkin daga inda nake zaune, ya yi dariya ya ce kusan haka ne. Ruwan da ake kwaɓa taliyar ramen da shi, kansui, ɗan'uwan ruwan kanwarmu ne, sinadarinsu gida ɗaya. Shi ke sa fulawar ta koma ruwan ɗorawa ba tare da ƙwai ba, shi ke sa ta yi danƙo ta riƙa turo haƙori maimakon ta narke. Na tuna kakata a Gwammaja tana murza taliya a kan faifai da tafin hannu, ta shanya a kan kara, mu ci da manja da yaji da yankakkiyar albasa. Kanwa tana nan a ɗakinta cikin gwangwani, ta ɗanwake da ta miyar kuka, amma ba ta taɓa haɗa ta da kwaɓin taliya ba. Tazarar da ke tsakanin taliyarta da wannan kwanon ba ta wuce tsawon hannu daga faifan zuwa gwangwanin ba.

Maganar Nas ta Indomie ma ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, sai dai ta juya zumuncin. Ramen ce kaka. 'Yan China ne suka shigo da taliyar alkama cikin romo ta biranen bakin teku irin su Yokohama, kuma a 1910 aka buɗe wani shago a unguwar Asakusa ta Tokyo da ake lissafa shi cikin na farko da suka sayar da ita ga Japanawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da shinkafa ta yi ƙaranci kuma garin alkamar Amurka ya cika ƙasar, ta zama abincin leburori da masu neman na yau. A 1958 wani ɗan kasuwa a Japan mai suna Momofuku Ando ya gano dabarar soya taliyar ta bushe a zuba a leda, kuma daga wannan dabarar ce kamfanoni suka yi ta kwaikwayo har Indomie ta taso daga Indonesiya ta zo ta zauna a teburin kowane mai shayi daga Fagge zuwa Hotoro. Wato abincin talaka ne a gidansu. Mu ne muka sa leshi muka zo cinsa.

To, a nan ne dare ya fara karkacewa. Kwanon Yaya da na Nas, dukansu shoyu, romon garau mai ruwan soya, sun riga namu isowa da kusan minti goma sha biyar. Yaya ta ce ba za ta ci tana kallonmu ba, ba haka aka tarbiyyantar da ita ba. Da namu suka iso kuma Amarya ta ce kowa ya ɗaga hannu sai ta ɗauki hoto, ta sama, ta gefe, ta sake ta sama saboda inuwar gyalenta ta shiga. Kafin Yaya ta kai loma ta farko taliyarta ta sha romo ta kumbura ta yi laɓo-laɓo, romon kuma ya huce, mai ya fara taruwa a sama. Ta ce, "Ke yanzu wannan kike ta yabo?" Na miƙa mata nawa ta ɗanɗana, ta yi shiru, ta ce lallai ba abu ɗaya muke ci ba. Rabin laifin namu ne, ramen ba ta jiran kowa, tun daga kwando take ci gaba da dahuwa a cikin kwano. Amma rabin na gidan ne. Tebur ɗaya, oda ɗaya, ya kamata kwanuka su fito tare, ko kuma yaron ya ce, "Hajiya, ku fara, ba a jira da wannan." Ko ni da nake raba abinci a rumfar biki ba na ba rabin tebur in bar rabi suna haɗiyar yawu.

Tsinkayen cin abincin su ma sun ba mu aiki. Amarya ta iya, ko ta yi kamar ta iya. Nas ta kama rabin ƙwai da nata, ta ɗago shi har kusa da baki, ya suɓuce ya faɗa romo, ya fantsama mata a farin mayafi tun daga kafaɗa har ƙirji. Muka nemi cokali mai yatsu, aka ce duk suna hannu, sai da aka wanko. A gidan da kusan kowa baƙon tsinke ne, a ajiye cokali mai yatsu a kowane tebur mana, wanda ya ga zai iya ya bar shi. 'Yan Chinan da ke lungu kuwa sun sunkuya suna zuƙar tasu da ƙara, fuuut, ba kunya. A Japan haka ake yi, iskar da ake ja tana huce taliyar tana kuma tayar da ƙamshin. Na gwada sau ɗaya a hankali, Yaya ta harare ni ta saman tabarau kamar ta kama ɗaliba tana cin cingam a aji. Ban sake ba.

Ƙwan nan ya cancanci a tsaya a kansa. Ana dafa shi minti shida zuwa bakwai ne kawai, a tsoma a ruwan sanyi, a ɓare, a kwanar da shi cikin ruwan soya mai ɗan zaƙi. Farinsa ya koma ruwan ƙasa, gwaiduwar ta tsaya tsaka-tsaki kamar zuma mai kauri. Yaya ta ce ɗanye ne, ita ba za ta ci ba. Aka karɓa aka kawo mata dafaffe tauri irin na mai shayi, ni kuma na ce a bar mini na farkon. Da za su riƙa sayar da shi shi kaɗai da na saya na tafi da shi gida.

Na Amarya miso ne mai yaji. Miso waken soya ne da aka bari ya ruɓa da gishiri, kuma duk wanda ya tashi da daddawa a miya ba zai ji shi baƙo ba, sai dai shi warinsa a ladabce yake. Irin wannan ramen ɗin daga Sapporo ta fito, can arewacin Japan inda ƙanƙara ke zuba, don haka an yi ta ne da nauyi saboda sanyi, kuma ta dace da daren hunturu. Sai dai hannun wanda ya zuba ya yi nauyi. Gishiri ya yi yawa ƙwarai, Amarya ta shanye gorar ruwa biyu tana cewa daɗi, idonta yana hawaye. Shoyu ɗin su Nas kuma, ko da zafinsa, na ga bai kai farin romon ba. Ɗanɗanonsa siriri ne, kuma naman san da aka naɗe aka yanka a madadin chashu ya bushe, an yanka shi da kauri, sai an ja da haƙori. Nas ta buɗe jaka ta fito da ƙullin yajin ƙuli ta barbaɗa, ta ce yanzu ne ya musulunta. Baƙin ganyen tekun da ake soka wa a gefen kwano, nori, Yaya ta ɗaga shi ta shinshina ta ce ƙarni yake, ta ajiye a gefen faranti kamar shaidar kotu.

Ni da taliyata ta ƙare romo ya rage, na nemi ƙari. Suna da wannan tsarin, a kawo miki dunƙulen taliya sabuwa daga kwando ki juye a sauran romonki. Wannan ta biyun, da na ci ta nan take ba hoto ba jira, ita ce loma mafi daɗi da na yi a daren.

Sai takardar kuɗi. Nawa naira 13,000, na Amarya 14,000, shoyu biyu 11,500 kowanne. Gyoza 5,500, karaage 6,500, ƙarin taliya 2,000, ruwa da koren shayi 6,000. Ya kama 70,000 cif. Aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5, wannan na san da shi. Aka kuma ɗora wani kashi 5 na hidima wanda ban gan shi rubuce ko'ina ba sai a takardar. Jimla 78,750. Na tambayi yaron kuɗin hidimar nan shi ake ba wa? Ya yi murmushi bai ce komai ba, na kuwa fahimci amsar. Na'urar POS ta ce babu sabis, na tura ta waya, muka tsaya a bakin kanta minti goma muna jiran alat ya shigo musu, Nas tana ta goga mayafinta da tishu. Da wannan kuɗin zan fitar da ƙaramar walima, shinkafa da miya da nama, har a yi guzuri. Yaya ta faɗi hakan tun kafin mu kai mota, ta kuma maimaita a mota.

Duk da haka zan koma, amma da sharaɗi. Ranar Talata ko Laraba, ba daren Juma'a ba. Ni kaɗai ko da mutum ɗaya, a kan kantar nan inda kwano ke fitowa daga hannun mai girki ya sauka gabanki. Farin romon kaza, ƙwai biyu, ƙarin taliya, shi ke nan. Ba zan sake taɓa naman san ba sai sun gyara, miso kuma sai na ce a rage hannu. Wadda ke neman wurin zama a baje a yi hira awa biyu ana tsakurar abinci, ta nemi wani wurin, nan ba nan ba ne. Kuma kada a sa farin kaya.

Ranar Lahadi na jiƙa kanwa ungurnu a kofi, na tace, na kwaɓa fulawa gwangwani biyu da ruwan, da ɗan gishiri. Kwaɓin ya yi tauri har sai da na sa shi a leda na taka da ƙafa kafin injin taliya ya yarda ya karɓa. Ta fito ruwan ɗorawa kuwa, da danƙonta, sai dai na zarce da kanwar, bayan harshe yana jin ɗaci-ɗaci kamar sabulu. Romon kuma awa huɗu na iya ba shi kafin in tausaya wa tukunyar gas ɗina, ya tsaya tsakanin fari da ruwan toka. Autana ya cinye kwanonsa tas, ya ɗago ya ce, "Umma, gobe ki sa kifin gwangwani a ciki." Na rage kanwar zuwa rabi na rubuta a bayan littafin odar biki, sai Lahadi mai zuwa.